Zoɓon Ƙasar Gumel, Sarkin Tsirran Gida

Gara in fito fili tun yanzu, ba alƙalanci na zo yi ba, yabo na zo yi. A cikin duk tsirran da Allah ya hore wa gidan Bahaushe, na tukunya da na magani, wanda ake tsinka a bayan ɗaki da wanda ake aunowa a kasuwa, babu wanda ya kwanta mini a rai irin zoɓo. A cikin zoɓon ma na ƙasar Gumel, wanda ake nomawa a jigayin Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, jajir, mai kauri, mai sheƙi, mai tsamin da ke tsinka yawu tun kofi bai iso baki ba. Masu zogale ku yi haƙuri. Masu tsamiya, ina gaisuwa. Yau dai ranar zoɓo ce, kuma ni ɗan gani-kashe-ninsa ne.

Ku da kuka san hanyar Gumel zuwa Maigatari a ƙarshen damina kun san abin da nake nufi. Gero ya nuna an shiga girbi, ciyawa ta fara bushewa, komai na daji ya fara kwantar da kai, sai ga wani jan layi ya ratsa iyakar gonaki, kara ja, jijiyar ganye ja, 'ya'ya ja suna ɗaukar ido a rana. A da manomanmu ba su cika ba shi gona sukutum ba. A gefe ake jera shi ya zama shaidar iyaka, ko a sassaka shi tsakanin gero da wake da riɗi, kuma sau da yawa rabon matan gida ne. Bai taɓa nuna ya damu ba. Yashin da masara za ta yi ta langaɓewa a cikinsa tana roƙon taki, shi nan yake miƙe ƙafa. Ruwa daidai gwargwado, rana iya son ransa, a yi masa noma ɗaya ko biyu, shi ke nan ya gode. Ga shi da sanin lokaci, don ba ya fure sai yini ya fara gajarta, shi ya sa duk saurinka da shuka sai ka jira shi zuwa wajen Satumba da Oktoba. Furen kuwa ɗan kwalisa ne, fari-fari mai ratsin ruwan ɗorawa da jan ido a tsakiya, ya buɗe da safe, kafin yamma ya yanƙwane. A ƙasashen waje wasu na bugun ƙirji wai shayin fure suke sha. Ina! Ba furen ba ne, kwanson da ke tallafe da furen ne, wanda bayan fure ya faɗi yake kumbura, ya yi tsoka, ya rungume ƙwallon iri. Shi ne kayan.

Abin da ya sa nake ɗora shi a kan sauran tsirrai shi ne kusan ba a yar da komai nasa. Ku nuna mini wani tsiro ɗaya da zai ba ka miya tun yana ɗanye, ya ba ka abin sha bayan ya bushe, ya ba ka daudawa daga irinsa, ya ba ka igiya daga ɓawon karansa, ragowar kuma a hura wuta da shi. Tun damina na tsakiya, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai iso ba, uwar gida ta fara zagayawa tana tsinko yakuwa. Miyar yakuwa da gyaɗa, an ɗan jefa mata busasshen kifin Haɗeja, an sa albasa da attaruhu, an zuba ta a kan tuwon gero mai tururi, wallahi duk wanda ya ce bai ƙara loma ba ƙarya yake yi. Sai fate. Faten tsaki babu yakuwa ai kunu ne kawai aka yi wa gishiri. Ita ce ke ba shi wannan ɗan tsamin da ke farkar da baki, shi ya sa wanda zazzaɓi ya kwantar, bakinsa ya yi ɗaci ya ƙi komai, da an kawo masa fate mai yakuwa sai ka ga ya tashi zaune yana neman cokali. Mutanen Sakkwato da Zamfara na can da surensu, suna alfahari da shi, kuma sun yi gaskiya, ɗan gida ɗaya ne da namu.

Akwai kuma farin zoɓo, wanda samarin yanzu da yawa ba su ma san da shi ba. Shi ba a cika kai shi kofi ba, aikinsa tukunya. A jiƙa shi, a rage masa tsami da ɗan ruwan toka ko kanwa, a haɗa shi da gyaɗa ko wake, ya ba ka miya mai kauri a tsakiyar rani lokacin da ɗanyen ganye ya yi wuyar samu. Iyayenmu mata sun san darajar wannan tun kafin a ƙirƙiro firji: abin da ka shanya da kaka, shi zai rufa maka asiri a bazara.

To, bari in zo kan gurguzu, don a nan ne ake gane masoyin gaske da ɗan rakiya. Ƙwayar irin nan baƙa-baƙa mai tauri, ita ake dafawa har ta yi laushi, a sa mata toka, a daka, a rufe ta kwana da kwanaki ta ruɓa, a shanya, ta zama daudawar batso. Warinta? Ba zan kare shi ba. In ana yin ta a unguwa, ba sai an yi shela ba. Amma ɗan gutsure kaɗan a miyar kuka ko ta kuɓewa busasshiya zai yi abin da dunƙulen zamani goma ba za su yi ba, ɗanɗano mai zurfi, mai nauyi, mai zama a harshe har bayan an wanke hannu. Ba mu kaɗai muka gano wannan sirri ba. A Burkina Faso suna da bikalga, a Mali datu, a arewacin Kamaru mbuja, a Sudan furundu, duk daga irin zoɓo, duk ta hanyar ruɓarwa. Wato tun daga gaɓar Kwara har gaɓar Nilu, matan da ba su taɓa haɗuwa ba sun duba ƙwayar nan sun ga miya a cikinta. Gurguzun da ya rage kuma dabbobi na so, masu kiwo sun sani, kuma tsofaffi mata na dafa shi su ba mai jego don neman ƙarin ruwan nono.

Kafin in kai ku kofi, dole mu cire hula mu gai da masu ɓarar zoɓo. Wanda bai taɓa zama ya raba kwanso da ƙwallo ba bai san abin da yake sha ba. Ƙwallon nan yana da ƙananan gashi masu ƙaiƙayi, suna shiga yatsu, suna cizo, hannu ya rine ya yi ja, ga shi ɗaya bayan ɗaya ake yi, babu inji a yawancin ƙauyukanmu. Mata da yara ne ke zaune a inuwa da kwanduna a gabansu suna wannan aiki tun hantsi har la'asar. Duk kofin da ya sanyaya maka maƙogwaro, wata baiwar Allah ce ta sosa yatsunta dominsa.

Yanzu kofi. A nan masoya suka rabu gida biyu, kuma ni ina da ɓangare. Akwai 'yan tafasa, masu ɗora shi a wuta ya yi ta ɓararraka har ya yi baƙi. Akwai 'yan jiƙo, masu tafasa ruwa su sauke, su zuba zoɓo a ciki, su rufe, su bar shi ya saki jikinsa a hankali. Ni ɗan jiƙo ne, ba na ɓoyewa. Doguwar tafasa na dusashe kalar, tana kore ƙamshin, ta bar ka da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe. Jiƙo kuwa na ba ka jan nan mai haske, garai-garai, wanda in ka ɗaga kofin gilashi ka duba rana ta cikinsa sai ka ji kamar kada ka sha don kyau. Sai ka sha. Kayan ƙamshi su ne ke son wuta, don haka a tafasa su tukuna, ruwan ya ɗauki ƙarfinsu, sannan a sauke a zuba zoɓon. Kuma don Allah a ɗauraye shi da ruwan sanyi a gurguje kafin komai. Ƙasarmu yashi ce, iskar hunturu kuma ba ta da kunya.

Gwanaye sun san wani abu kuma: zoɓo ba iri ɗaya ba ne. Mai duhun nan da ke neman komawa baƙi shi ke ba da kala mai kauri, amma tsaminsa da sauƙi. Mai hasken ja shi ke da tsamin da ke sa ka runtse ido. Haɗa su, ka samu duniya biyu a tukunya ɗaya. Kalar kanta aikin wani sinadari ne da masana ke kira antosayanin, kuma yana da wata dabi'a mai ban sha'awa da za ku iya gwada wa yara a tsakar gida: ɗiga ruwan kanwa a cikin jan zoɓo, nan take ya juye ya yi duhu, shuɗi-shuɗi, tsamin ya mutu, matsa masa lemon tsami, ja ya fara dawowa. Darasin kimiyya ne sukutum a cikin kofin silba. Wannan ne ma ya sa nake harara masu zuba kanwa a zoɓon sha don su rage kuɗin sukari. Kun kashe tsamin, kun kashe kalar, me kuka bar mana?

Sarki ba ya fita shi kaɗai, zoɓo ma da fadawansa yake tafe, kuma kowannensu babban ma'aikaci ne a gida ko ba zoɓo. Citta ce waziri. Ita ke kawo zafin nan da ke bin maƙogwaro ya sauka har ƙirji, ita ce kuma abin da uwa ke fara lalubowa in yaro ya kwana yana tari ko wani ya tashi da tashin zuciya. Cittar da muke ji da ita daga kudancin Kaduna take zuwa, yankin Kachiya, shi ya sa da cuta ta afka wa gonakin citta a can a 2023, har masu zoɓon Gumel sun ji a jikinsu, farashi ya yi tashin gwauron zabi, wasu suka koma jefa ta don shaida kawai. Kanumfari shi ne ɗan gayu, baƙo daga nesa, irin su Zanzibar da Madagaska da Indonisiya, ƙwaya kaɗan ta cika ɗaki da ƙamshi. Wanda haƙori ya taɓa hana shi barci ya san shi, a danne ƙwaya ɗaya a wurin ciwon, ta ɗan kashe raɗaɗin kafin gari ya waye a nemi likitan haƙori. Amma a yi hattara da shi a zoɓo, in ya yi yawa sai ya ƙwace mulki, ka rasa ko zoɓo kake sha ko magani. Masoro da kimba na masu son abin da yaji ne, musamman da sanyi. Na'a-na'a kuwa a ƙarshe ake jefa ta, ɗanya, bayan an sauke, don wuta na cinye ƙamshinta. Ɓawon abarba, in an wanke shi sosai, yana ba da wani ɗanɗano mai daɗi, kuma wannan dabara ce da na yarda 'yan birni sun kawo ta da kyau. Kokwamba fa? Na sha, ban ƙi ba, amma ban ga abin da ta ƙara ba sai sunan an yi gayu.

Kada kuma a manta zoɓo ba na zafi kaɗai ba ne. Da sanyin Disamba da Janairu, lokacin da hazo ya rufe Gagarawa har ba ka hango ƙarshen layin dogo, a ba ka shi da ɗuminsa, citta ta ji, an ɗan sa zuma, ka riƙe kofin da hannu biyu. Mutanen Masar da Sudan haka suke shan karkadensu, da zafi da sanyi duka, kuma ba su yi asara ba. Amma gaskiya filin wasansa bazara ce. Azumin 'yan shekarun nan da ya yi ta faɗowa a Maris da Afrilu ya nuna kowa matsayinsa. Rana ta gasa gari tun safe, leɓe ya bushe, ana kiran sallar magariba ka ci dabino, ka kurɓi ruwa, sai a miƙo maka jan nan mai raɓa a jikin kofi. Kunun aya na da daɗi, ban musa ba, amma nauyi gare shi kuma ba ya jure zafi, kafin ka juya ya yi tsami. Lemon kwalba kuwa gas ne da sukari. Zoɓo shi ke sauka ya tarar da ƙishirwa a inda take zaune.

Batun lafiya fa, tunda shi ne ake yawan tambaya? A nan ma zoɓo bai ba mu kunya ba. Tsofaffinmu sun daɗe suna cewa yana sauke jini, yana sa fitsari, yana wanke ciki. Masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun gwada maganar farko, sakamakon ya fito a 2010: mutum 65 masu hawan jinin da bai yi tsanani ba, aka raba su biyu, wasu na shan kofi uku na shayin zoɓo kullum har mako shida, wasu na shan abin da aka yi wa kama da shi. Lambar sama ta awon jinin masu shan zoɓon ta sauka da kusan maki 7, ta sauran kuwa da maki 1 da 'yan kai. Ni da na ji wannan sai da na yi murmushi, don abin da kakanninmu ke jerawa a iyakar gona ne ake auna shi da na'ura a Boston. Amma fa soyayya ba hauka ba ce. Maki 7 taimako ne, ba sallama daga asibiti ba. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini kada ya ajiye ƙwayarsa ya rungumi jarka, ya gaya wa likitan yana shan zoɓo da yawa, don biyun in sun haɗu suna iya sauke jinin fiye da yadda ake so. Mai juna biyu ta yi taka-tsantsan, ta tambayi ma'aikatan awo kafin ta mai da shi abin shan kullum. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi kada ya fara da shi a kan yunwa. Kuma kada a haɗiye magani da shi. A Sudan an yi wani bincike a 1994 da ya nuna cewa karkade da ruwan tsamiya da na lemon tsami duk suna rage yawan kulorokwin da jiki ke ɗauka in an sha su tare. Magani da ruwa ake sha, zoɓo ya biyo baya a lokacinsa. Bayan an sha kuma a kurkure baki, don tsami ba abokin haƙori ba ne.

Ga ƙorafina na farko, kuma da zafi nake yin sa. Sukari! Jama'a, me zoɓo ya yi mana? Za ka sayi gora ɗaya a tasha, ka kurɓa, ka ji harshenka ya manne da ganda. An tula sukari, an zuba fileba mai ƙamshin alawa, an ƙara garin kala na leda don a ninka ruwan, har abin ya tashi daga zoɓo ya koma jan ruwa mai zaƙi. Sannan mutum ya shanye gora uku ya ce wai yana maganin hawan jini. Malam, ciwon suga kake gayyata. Tsamin nan da ake ta ƙoƙarin binnewa shi ne zoɓon. A ɗan taɓa shi da sukari ko zuma ko mazarƙwaila, ko a jiƙa dabino a markaɗa a tace a ciki, tunda Allah ya ba jiharmu dabino a Dutse da kewaye, amma a bar shi ya yi maganarsa. Na biyu, gora da ruwa. Yarinyar da ke yawo da kula a ka ranar kasuwa tana taimakon gidansu ne, kuma sana'ar zoɓo ta biya kuɗin makaranta da na sabulu a gidaje da ba su ƙirguwa. Saboda haka ne ma ya kamata a tsare mata mutunci: ruwa mai tsabta, a tafasa shi, gorar da aka tsinto a wanke ta da sabulu da ruwan zafi ko a bar ta. Zoɓo kuma ba ya son dogon zama a zafi, in ya fara kumfa yana warin tsami na daban, ya gama aiki, a zubar. Na wutar lantarki da ke sa ƙanƙara ta fi zoɓon kansa tsada a bazara kuwa, wannan kukan ya fi ƙarfin shafin nan.

Mu leƙa Maigatari ranar Alhamis. Kowa ya san ta da kasuwar dabbobi, shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar da ma gaba da Nijar, kuma sun cancanci sunan. Amma ku je bayan kaka, ku bar kara, ku nufi inda buhuna suke. Tsaunukan zoɓo ne, buhu ƙato amma ba nauyi, ƙamshin tsami-tsami ya cika iska, dillalai na zura hannu suna damƙo shi su murza su ji ko ya bushe ƙayau, sikeli na aiki, lebura na lodi, wani daga ƙauyukan Sule Tankarkar ya kawo a amalanke, wani ya tsallako da shi daga wajen Dungas da Magarya ta ƙasar Damagaram. A cikin sito-sito kuma mata ne jere suna tsince kara da tsakuwa, suna fitar da kwaliti mai lamba ɗaya. Daga nan tirela ta ɗauka, wani ya bi ta Dawanau a Kano, ya gangara Legas, ya shiga kwantena, ya hau teku.

Ina ya nufa? Mafi yawansa Meksiko. E, Meksiko, can ƙetaren Tekun Atalantika, inda suke kiran abin shan da sunan hamaika, suke sayar da shi a manyan tuluna na gilashi a bakin titi, kusa da masu abinci. Suna noma nasu amma ba ya isar su, sai sun haɗa da namu. Har sun fi mu wayo a abu ɗaya: kwanson da muke zubarwa bayan mun tace, su soya shi suke yi da albasa su naɗe a cikin waina irin tasu su cinye. Jamus ma na saye, don yawancin shayin 'ya'yan itatuwan nan ja da ake sayarwa a Turai a 'yan jakunkuna, zoɓo ne ke ba su kala da tsami. A Senigal bisaf ne, a Gana sobolo, a tsibiran Karibiyan kuma shi ne abin shan Kirsimeti, da citta da kanumfari, tamkar sun leƙo tukunyarmu. Hukumar da ke kula da lafiyar amfanin gonar da ake fitarwa ta ce a 2017 zoɓon da aka kai Meksiko ya kawo wa Nijeriya kimanin dala miliyan 35. Ba a daɗe ba Meksikon ta rufe ƙofa saboda ƙwarin ajiya da aka gani a cikin kaya, kasuwa ta faɗi, manoma suka ji jiki, sai da aka ɗauki shekaru ana gyara batun feshi da tantancewa kafin ta sake buɗewa. Yau a Maigatari kanta, inda ake da yankin ciniki na fitar da kaya waje, akwai wurin tace zoɓo da yi masa turaren kashe ƙwari, kuma Jigawa ce ake ambata a sahun gaba in ana maganar nomansa a ƙasar nan. In wannan bai sa ɗan Gumel ya gyara zaman hularsa ba, ban san me zai sa ba.

Sai dai a nan ma ina da ƙorafi. Wadda ta sosa yatsu ita ce ke samun mafi ƙanƙantar rabo, don da kaka kowa na neman kuɗi, zoɓo ya cika kasuwa, a saye shi da araha a kulle a sito a jira ya yi tsada. Mu ma muna da namu laifin. Wani ya shanya shi a ƙasa tsirara, yashi da kashin awaki su shige. Wani ya yayyafa masa ruwa don ya ƙara nauyi a sikeli, ya je ya yi fumfuna a hanya, a ɓata sunan gari gaba ɗaya saboda 'yan kuɗi kaɗan. Tabarma ko tamfol nawa take? Abin da ya fi ci mini rai kuma, ɗanye muke sallama shi, a kai shi Turai a niƙa, a ɗura a 'yar jaka mai zare, a saka a kwali mai hoton fure, wani ɗanmu ya sayo shi a babban kanti a Abuja yana taƙama ya samo shayin waje. Zoɓon ƙauyenku ne, Alhaji, ya je yawon duniya ya dawo da kwat.

Na san masu zogale na nan suna jira in gama su ce nasu ya fi gina jiki. Ban yi musu ba, ganyen zogale abinci ne na gaske, kuma yana gyara dambu. Darbejiya na ba mu inuwa da asuwaki, bagaruwa na jima fata, sabara da kalgo na nan a jerin magungunan iyayenmu mata, lalle na ƙawata amare. Kowanne da ranarsa, kuma ina girmama su. Amma a cikinsu wa ake sha a walima da suna da buɗa-baki, a ci shi a miya, a ɗanɗana shi a daudawa, a auna shi a jami'a, a kuma biya shi da dala? Ku kawo sunansa, ina saurare.

Don haka, 'yan uwana masoya, kakar bana kada ku jira sai azumi ya matso farashi ya hau. Ku sa a auno muku tiya biyu ko uku tun yana sabo, mai duhu da mai haske, ku duba ya bushe sarai, ku zuba a mazubi mai murfi ku ajiye inda danshi da rana ba sa kaiwa. Wanda ke da gona ko ɗan fili a bayan gida ya nemi gurguzu ya ajiye wa damina mai zuwa. Hajiya, ke kuma da ke riƙe da ludayin, a rage sukarin nan don Allah.